Fatawa: Na'urar da Ke Gane Siffofi da Hadisin Masu Surori

Tambaya: Malam, Allah ya ƙara sani. Ni ɗalibin kwamfuta ne. Muna karanta tarihin ƙirƙirarriyar basira da mutum-mutumi, sai abokina ya ce wannan fanni duk ƙoƙarin kwaikwayon halittar Allah ne, ya kuma kawo mini hadisin masu yin surori. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. In ci gaba, ko in sauya fanni?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ɗana, ka ci gaba da karatunka. Hadisin ingantacce ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Allah Maɗaukaki yana cewa: wa ya fi zalunci sama da wanda ya tafi yana halitta kamar halittata? To su halicci ƙwayar hatsi mana, ko ta sha'ir. Sai dai hukunci yana bin haƙiƙanin abu ne, don haka mu duba abin da magabatan wannan fanni suka yi.

A 1956 John McCarthy da abokansa suka yi taro a Kwalejin Dartmouth ta Amurka, inda fannin ƙirƙirarriyar basira ya samu sunansa. Bayan nan Frank Rosenblatt ya fito da Perceptron, na'ura mai ƙananan idanun haske 400, 20 a tsaye 20 a kwance. Za a nuna mata zane, ta ba da amsa; in ta kuskure, a ɗan gyara nauyin lambobin cikinta, a sake nuna mata, har ta riƙa dacewa. Lissafi ne da wayoyi, babu rai a ciki, babu fuska. Shi ma Shakey, mutum-mutumin da aka yi aikinsa a cibiyar bincike ta Stanford daga 1966 zuwa 1972, akwati ne bisa tayoyi da kyamara a samansa, yana tura akwatuna daga ɗaki zuwa ɗaki. Irin wannan sana'a ce, asalinta kuwa halacci, kuma Allah ne ya sanar da mutum abin da bai sani ba. Kafin su da ƙarnuka, injiniya Musulmi Al-Jazari ya rubuta littafinsa na injuna a 1206, har da injunan ɗaga ruwa.

Inda hadisin yake shigowa shi ne sura. A wajen malamanmu na Malikiyya, haramun ne a sassaƙa mai rai da cikakkun gaɓoɓi, irin wanda yake da inuwa. Sun cire 'yartsanar yara mata saboda hadisin Nana A'isha. To in ka zo ƙera mutum-mutumi, kada ka yi masa cikakkiyar kamannin ɗan Adam. Hannun inji a masana'anta ko na'urar karanta rubutu, babu komai.

Abin da ya fi damuna shi ne iƙirarin da ake yi a kan waɗannan na'urori. A 1958 jaridar New York Times ta ba da labarin cewa ana sa ran na'urar Rosenblatt za ta yi tafiya, ta yi magana, har ta san da wanzuwar kanta. Amma a 1969 masana biyu, Minsky da Papert, suka nuna da lissafi cewa akwai ƙananan matsaloli da na'ura mai matakin lissafi ɗaya tak irinta ba za ta iya warwarewa ba. Ruhi yana daga al'amarin Ubangiji, kamar yadda ya zo a Suratul Isra'i, kuma bai halatta ka ƙudurta cewa inji zai same shi ba. Haka in aka nemi ka yi aikin da za a cutar da bayin Allah da shi, ka ƙi. Allah ne mafi sani.