Ƙawance ko Maja: Wanne Ya Dace da APC?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Musu ya kaure a majalisarmu da ke Unguwar Rogo a Jos, wasu suna cewa jam'iyyar APC ƙawance ce, wasu kuma sun dage cewa maja ce. Shin ma'anar kalmomin ɗaya ce?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ba ɗaya ba ce, kuma masu cewa maja su ne a kan daidai.

Tushen ƙawance shi ne "ƙawa", domin a al'ada mata ne suke ƙulla ƙawance, maza kuwa abota suke yi. Abin ban sha'awa ne yadda 'yan jarida suka ɗauko kalmar mata suka jingina ta ga 'yan siyasa da sojoji, har muke jin ƙawancen tsaro na NATO ba tare da kowa ya ji wani banbaraƙwai ba. Sai dai aron ya dace, saboda komai amincin ƙawaye, kowace tana gidanta kuma tana amsa sunanta. Haka jam'iyyu suke idan sun ƙulla ƙawance: suna dafa wa juna don wata buƙata, amma kowace tana riƙe da tutarta da shugabanninta.

A zaɓen 1964, jam'iyyun NPC ta Sardauna da NNDP ta Akintola sun haɗu a ƙawancen NNA, yayin da NCNC da AG da NEPU ta Malam Aminu Kano da UMBC ta Joseph Tarka suka tsaya a UPGA, kuma babu wadda ta rasa sunanta. A 1999 ma jam'iyyun AD da APP sun tsayar da Olu Falae takarar shugaban ƙasa tare da Umaru Shinkafi a matsayin mataimaki, da aka gama zaɓe kowa ya kama gabansa.

Maja kuwa aro ce daga Turanci, tana nufin narkewa a zama abu guda. Jam'iyyun ACN da CPC da ANPP sun haƙura da sunayensu ne baki ɗaya suka zama APC, hukumar zaɓe ta yi wa APC rajista ranar 31 ga Yuli, 2013. Shi ya sa ake ƙulla ƙawance a kuma warware shi, amma maja yin ta ake yi, wanda ya fusata sai dai ya sauya sheƙa.

Ita "haɗaka" ta fi su faɗi, tana iya ɗaukar duka biyun, don haka idan mai magana ya yi amfani da ita, ku tambaye shi wacce yake nufi.