Dalilin da ya sa na mayar da kuɗin aikin benen nan

Ɗana, jiya da yamma muna wanke cokulan gini ka tambaye ni abin da ya sa na mayar wa mutumin nan kafin alƙalaminsa, alhali aikin zai riƙe mu wata huɗu, ladan da ya yanka kuma ya ninka abin da muka saba karɓa. Ka ƙara da cewa ko mun ƙi, wani maginin zai karɓa. Na ga damuwa a fuskarka, shi ya sa na ga ya dace in ba ka amsa a tsanake.

Ka tuna abin da ya nema, wato a ɗora hawa biyu a kan benen da aka yi wa harsashi domin hawa biyu kacal. Kai da kanka ka riƙe awo lokacin da muka tona gefen harsashin, ka ga ƙarancin faɗinsa. Da na fasa filastar ginshiƙi ɗaya na murza kankaren da babban yatsana, yashi ne ya riƙa zubowa a tafin hannuna, wanda hakan ke nuna an yi rowar siminti tun a kwaɓin farko. Duk da haka ya ce mu sa rodi mai milimita 12 a inda ya kamata a sa mai 16, mu kuma cire katakon da ke tokare da dekin bayan mako guda, domin masu haya su shiga da wuri.

A ido, bambancin rodin nan biyu ba shi da yawa, amma idan ka yanka su ka auna fuskar yankan, ƙarfen da ke cikin mai 12 ya ɗara rabin na mai 16 ne da kaɗan. Kankare kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafi da shi, a kwana 7 bai fi kusan kashi biyu cikin uku ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, da zarar an shafe ginin da filasta an yi fenti, babu mai iya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Matar da za ta shimfiɗa wa 'ya'yanta katifa a hawa na ƙasa ba ta san kaurin rodin da ke saman kansu ba, kuma ba ta da hanyar sani. Mu da muka ɗaure shi da waya ne kaɗai muka sani, amanar rayukansu tana wuyanmu ko da ba mu taɓa haɗuwa da su ba.

An ga irin wannan a Bangaladash ranar 24 ga Afrilu, 2013, lokacin da benen Rana Plaza mai hawa 8 ya rufta a kan ma'aikatan ɗinki, mutum 1,134 suka mutu. An ƙara wa ginin hawa na sama ba tare da izini ba, aka ɗora manyan janareto a kai, kuma an ga tsagewa a jikinsa kwana ɗaya kafin ya faɗi. Duk lokacin da na tuna da shi, tunanina yakan koma kan maginan da suka ɗora waɗancan hawa, domin hannu irin namu ne ya zuba kankaren.

Maganarka cewa wani zai karɓa gaskiya ce, mai yiwuwa ma ya riga ya samu. Sai dai ba ni da iko da hannun wani, nawa kawai za a tambaye ni a kai. Kuma ban juya baya na tafi kawai ba. Na faɗa masa dalilina a fili, ba tare da cin fuska ba, na ce ya kira injiniya ya gwada ginshiƙan da harsashin, idan an yi zanen ƙarfafa su to ni ne farkon wanda zai kama aikin, ko da ladan bai kai na da ba. Na kuma shaida masa cewa idan na ga an fara ɗora bulo a haka, zan sanar da hukumar da ke ba da izinin gini, domin kada ya ce na yi masa a ɓoye.

Ban raina asarar ba. Na san kana jiran rabonka, na san leburorinmu suna da iyali, kuma a daren da na mayar da kuɗin ban yi barcin kirki ba saboda lissafin yadda zan riƙe ku. Na ɗauki nauyin abin da kuka saba samu na mako biyu daga aljihuna, kafin nan ina sa ran aikin katangar da aka yi mana magana zai tabbata.

Gobe ka zo da wuri, ka taho da ƙaramar guduma. Akwai ginshiƙai biyu da nake so ka ƙwanƙwasa da kanka, ka ji yadda kankare mai kyau yake amsawa da ƙara mai kauri, da yadda mai rami a ciki yake yin amo kamar ganga.