Tambayoyinku Kan Waya: Skip, Clear da Except

Tambaya: Malam, na sayo Tecno a Mubi, komai nata da Turanci yake. Da na saka WhatsApp sai ta nuna mini Restore da Skip, na danna Skip don ina sauri. Yanzu hirarrakina da masu kawo mini kaya duk babu. (Ɗan kasuwa, Garwa)

Amsa: Alhaji, wannan Skip ɗin ya ci mutane da yawa. Ma'anarsa tsallakewa, abin da waya mai Faransanci ke rubutawa Ignorer ko Passer. A tallan YouTube tsallake abinka. Amma a nan WhatsApp tambayarka ta yi ko ta ɗauko ajiyar hirarrakinka daga Google Drive, kai kuma ka ce mata a'a, kuma sau ɗaya take yin wannan tambayar. Mutum zai yi awa guda yana ciniki a kan sefa 500, amma karanta layi biyu a allo ya fi ƙarfinsa!

Maza ka cire manhajar ka sake saka ta, da lambar nan taka, ka tabbatar Gmail ɗin da ke cikin sabuwar wayar shi ne na tsohuwar, sannan ka danna Restore. Na ce maza ne domin da zarar sabuwar ta yi tata ajiyar, za ta hau kan tsohuwar ta danne ta, shi ke nan sai haƙuri. Saƙonnin da suka shigo bayan Skip ɗin za su tafi, ka kwafe masu muhimmanci tukuna. In akwai bidiyoyi da yawa ka nemi wayfai, kada datarka ta MTN ko Orange ta ƙare a tsakiya. Ku daina barin mai shago yana buɗe muku sabon Gmail duk sayen waya. Guda ɗaya ya isa, a rubuta shi da kalmar sirrinsa a takarda, a adana a gida.

Tambaya: Wayata ta cika. Clear cache zan danna ko Clear data? (Ɗaliba, Marwa)

Amsa: Clear cache, malama. Tarkacen wucin gadi kawai yake sharewa. Clear data kuwa mayar da manhajar yake kamar yau aka saka ta, sai kin sake shiga daga farko.

Tambaya: Ta yaya zan hana surukata ganin status ɗina ba tare da na yi mata block ba? (Daga Kusseri)

Amsa: Allah ya kyauta. Except na nufin "ban da". A cikin Settings na WhatsApp, shiga Privacy, sai Status, zaɓi My contacts except, ka sa mata alama. Ba za a sanar da ita ba, amma wanda ka riga ka ɗora kafin canjin tana iya ganinsa har awa 24 ɗinsa ta cika.