Hukuncin Kora Raƙuma Cikin Dajin Da Hukuma Ta Killace A Saudiyya

TAMBAYA:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ɗan Nijar ne ina kiwon raƙuma a arewacin Saudiyya wajen wani Balarabe, to Malam kusa da inda muke akwai dajin da gwamnati ta killace suna ce masa mahmiyya, an kafa alluna an hana shiga da dabba sai da takarda, an hana farauta an hana saran ice, kuma wallahi in aka yi ruwa sai ka ga can ciki ciyawa shar amma inda muke ƙasa fetal sai buhun sha'ir da muke zuba musu. Ubangidana in kuɗin sha'ir ya dame shi sai ya kira ni ya ce in kora su ciki da daddare in fito da su kafin asuba, wai ba laifi ƙasar Allah ce, ai Annabi ya ce mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta, wannan dokar ta Turawa ce kawai. Kuma ya ce in aka kama ni a albashina zai cire tarar. Sannan mu ƴan kiwo wani lokacin mukan kama damo ko zomo a ciki mu yi miya. Malam ina da zunubi? naman ya halatta? kuma gwamnati ma tana da ikon hana mutane dajin Allah?

AMSA:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya, ya kuma sa ka koma gida da halalinka.

Hadisin da ubangidan naka ya kawo yana nan, Abu Dawuda ya ruwaito shi, Musulmi sun yi tarayya cikin abu uku, ciyawa da ruwa da wuta. Amma ya ɗauki hadisi ɗaya ya bar ɗan'uwansa, domin wanda ya faɗi wancan shi ne dai ya ce "ba a killace makiyaya sai don Allah da ManzonSa" kamar yadda Bukhari ya ruwaito daga Sa'abu ɗan Jassama, kuma shi da kansa Sallallahu alaihi wa sallam ya killace wani wuri da ake kira Naƙi'u a kudancin Madina don dawakan Musulmi, Sayyidina Umar ma ya killace Sharaf da Rabaza. Wannan shi ne hima a littattafan fiƙihu, kusan kamar hurumin gari da muka sani a gida wanda ba mai noma shi ba mai cewa nasa ne. To ka ga maganar wai killace daji dokar Turawa ce ba ta da ƙafa, a ƙasar da kake kiwo ɗin nan aka yi shi tun zamanin Annabi da sahabbai.

Abin da hadisin Bukhari ya zo ya rusa shi ne irin killacewar jahiliyya. A da shugaban ƙabila in ya ga wuri mai dausayi sai ya hau tudu ya sa karensa ya yi haushi, duk iya inda haushin ya kai ya zama nasa shi kaɗai, sannan ya zo ya yi tarayya da talakawa a sauran dajin. Kulaibu ɗan Wa'il ya yi irin wannan, taguwar wata mata ta shiga ya harbe ta, daga nan yaƙin Basusu ya ɓarke wanda masu tarihi suka ce ya shekara 40. Wannan ita ce haramtacciya har gobe, ko da an canza mata suna an buga mata hatimi.

Malaman mazhabobi sun tafi a kan cewa shugaba yana da ikon killacewa bayan Annabi don maslahar jama'a, mu a Malikiyya Shehu Khalil ya jero sharuɗɗan a layi ɗaya cikin Mukhtasar: shugaba ne zai yi, ya zama ana da buƙatarsa, ya zama kaɗan ne, a ƙasar da babu gini ko shukar wani, kuma don abu irin jihadi. Masu sharhi suka shigar da dabbobin zakka da na raunanan Musulmi a ciki.

Nan wani mai ilimi zai iya tare ni ya ce Malam tsaya, Naƙi'u fa don dawakan yaƙi aka yi, waɗannan kuwa don barewa da mariri da tsuntsaye ake yi, ina haɗin? Tambaya ce mai ƙarfi kuma bai kamata a yi mata kurum ba. Amsa ita ce dokin yaƙi misali ne na maslahar kowa da kowa, shi ya sa Khalil ya ce "abu irin jihadi" bai ce jihadi kaɗai ba, kuma asalin hana taɓa namun daji da itatuwa a wani yanki shi ma yana cikin sunna, Annabi ya haramta Madina tsakanin dutsen Airu da Sauru, ba a sare itacenta ba a farautar dabbarta. Allah kuma ya ce a suratul An'am aya ta 38 babu wata dabba a ƙasa ko tsuntsu mai tashi da fikafikansa face al'ummu ne irinku, ya kuma zargi mai halaka shuka da ƴaƴan dabbobi a Baƙara aya ta 205. To in an kai inda al'umma guda cikin halittar Allah za ta ƙare ƙaf a hannun mutane, tsare ta maslaha ce da shari'a ta yarda da ita.

Kuma wannan ba hasashe ba ne, an gani. Farin maririn Larabawa wanda mawaƙansu suka cika waƙa da kyawun idonsa, da mota da bindiga suka shigo sahara aka dinga binsa a guje har ya gaji a harbe, na ƙarshe da ke yawo a daji an kashe shi a Oman a 1972. Abin da ya cece shi ƴan ƙalilan ne da aka fara kamawa tun 1962 aka kai gidan zu na Phoenix a Amurka aka haɗa da waɗanda wasu sarakuna suka bayar suka hayayyafa, aka dawo da su Shaumari a Jodan, aka sake su a Oman a 1982, a Saudiyya aka zuba su a Mahazat as-Said a 1990 sannan Uruƙ Bani Ma'arid a bakin Rub'ul Khali a 1995. Jiminar Larabawa ita kam ba ta samu wannan gatan ba, ta ƙare a ƙarnin da ya wuce ba sauran ko ɗaya. Darasin Oman ma ya isa, maririn ya kai 450 a 1996, ɓarayi suka dinga kama su da rai suna sayar wa masu tara namun daji a gidajen gona, gwamnati kuma ta rage faɗin wurin da aka killace musu da kashi 90 cikin 100 saboda neman mai, suka koma 65, har UNESCO ta cire wurin daga jerin wuraren tarihinta a 2007, shi ne na farko da aka taɓa cirewa a duniya.

Ita ma ciyawar da kake hange kai ne shaida. Ruwan sama ɗaya ne ya sauka ciki da waje, me ya sa can ya yi kore nan ya zama fetal? A da makiyayi in rijiya ta ƙafe dole ya tashi, ƙasa ta huta ciyawa ta zubar da iri. Yanzu tankar ruwa tana bin garke har inda yake, motar sha'ir tana biye, raƙuma suna zaune wuri ɗaya shekara zagaye duk abin da ya tsiro a cinye shi tun bai yi ƴaƴa ba. Killacewar ita ta bar irin da ake gani ɗin nan, in kowane mai garke ya yi abin da ubangidanka yake sa ka, ba za a daɗe ba cikin ma ya zama kamar wajen.

Sai dai ba zan ce maka duk abin da aka sa wa allo aka kira mahmiyya ya cika sharaɗi ba, kuma a nan ne nake so masu mulki su saurara fiye da kai. Imamu Malik a ƙarshen Muwaɗɗa da Bukhari sun kawo wasiyyar Umar ga baransa Hunayyu ranar da ya naɗa shi mai gadin hima, ya ce masa: ya Hunayyu ka sassauta wa mutane, ka ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta domin karɓaɓɓiya ce, ka shigar da mai ƴan raƙuma kaɗan da mai ƴan tumaki kaɗan, amma kul ka bar dabbobin Ɗan Aufu da na Ɗan Affan, su in dabbobinsu suka mutu suna da gonakin dabino da shuka da za su koma, shi kuwa mai ɗan garken in nasa suka mutu zai zo mini da ƴaƴansa yana ya Amiral Muminina, zan ƙyale su ne? ai ruwa da ciyawa sun fi mini sauƙi a kan zinare da azurfa. Har ya rantse cewa ba don dabbobin da yake ɗora mayaƙa a kai ba da bai killace musu ko taƙi ɗaya na ƙasarsu ba. Ka duba fa, Abdurrahman ɗan Aufu da Usman ɗan Affan, mutum biyu cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, su aka ce a tare wa garke a buɗe wa talaka. Duk mahmiyyar da aka juya wannan, aka kori Baƙauye mai awaki 20 aka buɗe wa manya su shiga da shaho da jerin motoci suna farautar tsuntsun hubara, to wannan haushin karen Kulaibu ne, zunubin yana wuyan wanda ya yi. Ko a haramin Makka da Abbas ya roƙa a bar wa mutane ciyawar izkhir saboda maƙeransu da gidajensu, Annabi ya bar musu. Sharaɗin "kaɗan" kuma ana auna shi ne da ƙuntatar jama'ar wurin, mahmiyyar Sarki Salman kaɗai ta kai murabba'in kilomita kusan 130,000, irin wannan faɗin ba ya halatta a rufe shi ruf sai an bar wa mazauna ƙofa, shi ya sa ba da takardar izinin kiwo ga mutanen yankin haƙƙinsu ne ba alfarma ba. A mahmiyyar Dana ta Jodan ana barin makiyayan wurin su yi kiwo a wasu sassa a wasu watanni, a Maroko kuma Berber suna da agdal, wato rufe makiyaya na wani lokaci a shekara, tun kaka da kakanni, makiyayar Ukaimeden ana rufe ta a watan Maris a buɗe 10 ga Agusta.

To mu dawo kanka. Ubangidanka mai garken raƙuma da ma'aikaci da mota ba shi ne mai ɗan garken da Umar ya ce a shigar ba, kuma ko da yana ganin an zalunce shi hanyarsa ita ce ya je ya nemi takarda ko ya kai ƙara, ba satar shiga da dare ba. Dokar shugaba a abin da ba saɓo ba kuma akwai maslaha a ciki wajibi ne a bi ta, Nisa'i aya ta 59, kai kuma ka shigo ƙasar ne da alƙawarin bin dokarta. Saboda haka kora raƙuman ciki haramun ne, shi mai umarni zunubinsa ya fi girma, kai ma in ka yi da son ranka kana da naka kason, babu biyayya ga abin halitta a saɓa wa Mahalicci. Na san halin da ƴan kiwo suke ciki, mutum shi kaɗai a tanti, ruwansa da abincinsa da iƙamarsa ta izinin zama a ƙasar duk a hannun mutum ɗaya, in ƙin yi zai jawo maka cuta ta gaske kamar duka ko hana ka abinci da ruwa to kai wanda aka tilasta ne, laifin ya koma kansa, amma ɓacin ransa kawai ko faɗa a waya bai kai tilas ba. Ka gaya masa da ladabi, ka ce kana tsoron Allah kana kuma tsoron a kama ka. Ba wa mai gadi wani abu don ya kau da kai kuma cin hanci ne, kar ka kusance shi.

Batun nama. Damo da zomo asalinsu halal ne, Khalid ɗan Walid ya ci damo a gaban Annabi bai hana shi ba. In ka kama su a mahmiyya ka yanka da sunan Allah naman ba mushe ba ne, amma ka yi laifin karya doka sai ka tuba ka daina, wannan ya bambanta da farautar haramin Makka ko ta mai harama wadda ita malamanmu suka ce mushe ce ba a ci. Nonon raƙuman da suka ci ciyawar can shi ma halal ne. Amma mariri ko barewar da hukuma ta raina a cibiyoyinta na Ɗa'ifa ko Sumama ta kawo ta sake cikin shinge, wannan dukiyar baitulmali ce, wanda ya kashe ya ci dukiyar jama'a kuma biya yana kansa. In ka ɓata a sahara yunwa za ta kashe ka, ka ci abin da zai riƙe ranka ba laifi, haka in kyarkeci ya far maka ko ya far wa garke ka kare kanka. Ice kuwa ka bar ɗanye kwata-kwata, busasshen ma ka bi abin da dokar wurin ta ce, ka sa ya kawo maka gas.

Ita tara ta kuɗi malamai sun yi saɓani, mafi yawan magabata ba su so horo da karɓar dukiya ba, Abu Yusuf da Ibn Taimiyya da Ibnul Ƙayyim sun halatta, kuma shi ne na fi natsuwa da shi a nan saboda Muslim ya ruwaito Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya tarar da wani bawa yana saran itace a haramin Madina ya ƙwace kayansa, da iyayen gidan bawan suka zo biko ya ƙi mayarwa ya ce Manzon Allah ne ya ba shi. Amma tarar kiwo tana kan mai raƙuman da ya ba da umarni, cire ta a albashinka zalunci ne tsantsa kuma kuɗin haramun ne a gare shi. Duk ranar da ya sake cewa ka shiga, ka ce ya turo maka saƙon murya a WhatsApp, ka ajiye kar ka goge, in magana ta kai ofishin ƙwadago ko wajen jami'an tsaron muhalli shi ne hujjarka.

Wallahu a'alam.