Ba muryar Don Williams ce ta gaji ba

Ka tambaye ni, yarona, me ya sa waƙar da Don Williams ya saki a 1992 ba ta ko leƙa goman farko a jadawalin Billboard, mujallar Amurka da ke jera waƙoƙin da ke tashe, ba, alhali mutumin nan sau 17 yana hawa mataki na ɗaya a waƙoƙin kantiri na Amurka. Kana zargin ko murya ce ta tafi, ko masu haɗa sautin ne suka yi sakaci.

To, sa abin sauraro a kunne ka ji faifansa na 1992, sannan ka koma na 1980. Muryar nan mai kauri tana nan daram. Ka lura da yadda yake matsowa jikin makirfo yana rera waƙa kamar mai hira, har kana iya jin shigar numfashinsa. Mai ganga ba ya dukanta da ƙarfi, jita tana gefe tana rakiya, an bar wa murya fili a tsakiya. Wannan aikin gwanaye ne, babu inda zan sa hannu in ce a gyara. Shekarunsa 53 ne kawai a lokacin, kuma a 1991 ma sai da ya shiga goman farko.

Ba a situdiyo gizo yake saƙa ba. A wancan lokacin jadawalin nan ba daɗin waƙa yake aunawa ba, yawan sa ta a gidajen rediyo yake ƙirgawa. A watan Janairun 1990 na'ura ta fara yi wa Billboard wannan ƙirga. A 1991 kuma aka fara ɗaukar lissafin cinikin faifai kai tsaye daga kantuna, sai ga faifan matashin mawaƙin kantiri Garth Brooks ya faɗo a na ɗaya tun makon farko, ya doke na kowane irin kiɗa a Amurka. Nan idon kamfanonin Nashville, birnin da yake cibiyar kiɗan kantiri, ya buɗe. Su Garth, Clint Black da Alan Jackson, waɗanda suka ɓullo a 1989, su ne ke kawo kuɗi, su ne matasa ke so, kuma matasan ne masu talla ke nema. Gidan rediyo yana da gurbi ƙalilan, in ya cika da sababbin jini, dattijo sai haƙuri. Johnny Cash ma, da duk girmansa, kamfanin Columbia ya rabu da shi tun 1986.

Abin da ke ba ni dariya shi ne, Allen Reynolds da ya yi aikin faifan Don na farko-farko, shi ne dai ya haɗa wa Garth nasa. Hannu ɗaya ne, kasuwa ce ta juya.

Kuma faɗuwa a jadawali ba ta kore masa masoya ba. A 1997 ya je Harare ya yi wasa, jama'a suka cika. Mu nan kuwa ai ka sani, har gobe in ka shiga motar dattijon direba, da wuya ka rasa shi ko Kenny Rogers. A 2010 aka sa shi cikin zauren girmama manyan mawaƙan kantiri, ya sake fitar da faifai a 2012, ya rasu a 2017.

Inda abin ya shafe ka shi ne ranar da tsohon mawaƙi zai shigo mana situdiyo. Zai ce a yi masa irin na yaran zamani, kai kuma hannunka zai yi ƙaiƙayi ka lafta masa kiɗa mai nauyi, ka wanke muryar da kwamfuta har ta zama ta kowa. Kada ka soma. Matasa ba za su saye shi don haka ba, tsofaffin masoyansa kuma ka kore su. In ɗaga murya sama ya fara yi masa wuya, sauke masa kiɗan ƙasa kaɗan, ka matso da makirfo, ka rage ganga. Ka ɗauki muryarsa da hantsi in ya huta, kuma in ya yi sau uku ka ba shi ruwa ya zauna kafin a sake.