Ƙubbar da ke bayan kakanmu a hoto: Madina ce ko Sudan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kakanmu ya tafi aikin Hajji ta ƙasa tun kafin a samu 'yancin kai, ya shekara tara bai dawo ba. Hoto ɗaya tak ya bari na tafiyar, baƙi da fari, ya fara dusashewa. Yana tsaye gaban wata babbar mota, can baya akwai ƙubba da wani allo mai rubutun da ba ya karantuwa. Ƙanena ya sa hoton a manhajar waya, ya fito tas da kala, ƙubbar koriya shar, yanzu dangi sun kafe a kan Madina ce. Ni hankalina bai kwanta ba, don marigayiya kakarmu Sudan take yawan ambata. Kuma kawunmu ya ce ranar Asabar za a kai hoton shagon kwamfuta a manne shi da leda. Ta yaya zan gane inda aka ɗauke shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kafin maganar gari, ki je ki roƙi Kawu ya fasa tafiyar Asabar. Injin ledar nan da zafi yake aiki, yana narkar da gam a fuskar hoton, ya kama fatar da surar take kwance a kanta, kuma ba mai iya ɓare shi bayan nan ba tare da ya ɗebo fuskar kakanku ba. Ambulan mai tsabta da akwatin da danshi ba ya shiga sun wadatar.

To, koren ƙubbar. Hoton baƙi da fari bai ajiye kala ba, haske da duhu kawai ya ajiye. Manhajar ba ta tono koren daga cikin takardar ba, shafa shi ta yi. An ciyar da ita hotuna masu ɗimbin yawa, ta ga ƙubba kusa da mutum mai rawani, ta zaɓi launin da ta saba gani. Da ƙubbar fara ce, ko ruwan azurfa, ko jar ƙasa, ba abin da zai hana ta ba ku kore. Kuma ko da koren gaskiya ne, shi kaɗai ba hujja ba ne: Babban Masallacin Kano da aka gina a farkon shekarun 1950 shi ma ƙubbarsa koriya ce.

Wannan abu ya ishe ni, wallahi. Kusan kullum sai wani ya turo mini hoto mai sheƙi, ya ce "Malam, an riga an gyara shi, sai ka duba." Me zan duba? Inda rubutu ya dusashe, na'urar ta ƙaga wasu ƙwanƙwame-ƙwanƙwame masu kama da Larabci waɗanda ba su ba da ma'anar komai. Lambar mota ta canza. Taga mai katako ta koma ta gilashi. Tsagar gado a kumatun tsoho, wadda da ita za a gane asalinsa, an share ta don na'urar ta ɗauka karce ce a takarda. An taɓa kawo mini hoton wani dattijo da aka yi wa haka, 'yarsa ta cikinsa ta ƙura masa ido ta ce wannan ba babanta ba ne. Da na ce a kawo na asali, sai aka ce ai tunda sabon ya fi kyau, an bar tsohon a shagon. Mai shagon kuma ya share shagonsa. Abin haushi, masu wannan sana'a suna kiranta "dawo da hoto", alhali zane ne sabo a kan tsohon tushe. In mutum yana son mai kala ya rataya a falo, bismillah, ba haram ba ne. Amma kada a kafa tarihin gida a kansa, har jikoki su gaji ƙaryar da waya ta yi cikin daƙiƙa goma.

Ki koma kan takardar asali. Fara juya bayanta, ki karkata ta a hasken taga. Masu shagon hoto kan buga hatimi mai sunan shago da gari, wani lokaci na matsi ne marar tawada, sai a karkace ake ganinsa. Ki nemi rubutun fensir, ko da ajami ne. Sannan a yi mata sikanin gaba da baya a kan dpi 600 (wato ɗigo 600 a kowane inci) ko sama, ki tsaya a kan mai shagon ya kashe duk wani gyara na kai-da-kai. Gilashin mai gyaran agogo ma yana aiki wajen duba ƙananan abubuwan da ke hoton.

Ki kuma tabbatar ƙubbar gini ce, ba zane ba. Shagunan hoto da yawa suna da labule mai zanen masallaci. Ki dubi inda ƙasa ta haɗu da bango, da inuwar kakanku: in ta hau kan "ginin", labule ne. Kasancewar mota a hoton yana nuna a waje aka ɗauka, amma ki duba.

Motar ita ce babbar shaidarki. Hanyar alhazan ƙasa takan bi Maiduguri, Fort Lamy (wadda ta koma Injamena a 1973), Abeshe, Janaina, Fashir, Al'ubayyid inda layin dogo yake, Khartum, sannan Sawakin ko Fot Sudan a tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda. Chadi da Saudiyya hannun dama ake tuƙi, sitiyari a hagu. Sudan kuwa hagu take bi irin ta Ingila har 1973, kamar yadda Najeriya ta yi har Afrilun 1972. Don haka sitiyari a dama yana karkata ga Sudan, ko ma gida. Hattara ɗaya: wajen wanke hoto akan kifa fim, dama ta koma hagu. Rubutun allon zai warware wannan, ko da ba ya karantuwa, siffar baƙaƙen za ta nuna ko a juye suke. Ki kuma ƙirga layukansa. Larabci da Turanci tare, Sudan ce ta zamanin Turawa. In Faransanci ya shigo, kina Chadi.

Sai siffar ƙubbar. Ta Manzon Allah (SAW) tana da hasumiya daf da ita, kuma a wancan zamani gidaje sun matse masallacin. Ta kabarin Mahadi a Omdurman ta Sudan, wadda Turawa suka rusa a 1898 aka sake ginawa a 1947, doguwa ce mai tsini, da ƙananan ƙubbobi a kusurwoyi. Ƙubbobin shehunnai da ke warwatse a bakin Kogin Nilu kuwa sukan tsaya su kaɗai a fili kamar rumbu. Mutumin da ya shekara tara a hanya da wuya bai tsaya neman guzuri a gonakin audugar Jazira ba, ko wajen 'yan uwa a Mai Wurno kusa da Sinnar, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Kakarku ba a banza take ambaton Sudan ba, kuma ni zuciyata can ta fi karkata, sai dai ba zan yanke ba sai na ga bayan takardar. Don kwatance, Jami'ar Durham a Ingila tana da babbar taskar tsofaffin hotunan Sudan, wasu suna intanet.

Ki bincika adakarsa ko fasfon Hajji da takardar rigakafi suna nan, hatiman da ke ciki za su jera miki garuruwa da ranaku. In akwai gwaggo ko wani tsohon abokinsa da ke raye, ki kai masa hoton asali, ba na waya ba, ki kunna rikoda. Kada ki ce "Gwaggo, nan Madina ce ko?", don za ta ce miki e. Ki miƙa mata ki ce, "Baba ya taɓa ba ku labarin wannan motar?"