Na San Manhajarsu, In Sayi Hannun Jarinsu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni akanta ne a wani shagon sarin magunguna da ke titin Ahmadu Bello a Kaduna. Na fi shekara 15 ina aiki da manhajar lissafi ta Peachtree, wadda yanzu ake kira Sage 50. Na tara ɗan abin da ya sawwaƙa, sai ɗana ya ce tunda na san kayansu kamar yunwar cikina, in sayi hannun jarin kamfanin Sage. Me ka gani? — Mai karatu daga Tudun Wada

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Maganar yaron nan akwai ƙamshin gaskiya, sai dai sanin manhaja daban, sanin inda kuɗin kamfani ke fitowa daban.

An kafa Sage a Newcastle ta Ingila a 1981, ya shiga kasuwar hannun jari ta Landan a 1989. Peachtree ɗin taka ma ba su suka ƙirƙire ta ba, daga Amurka suka sayo ta a 1999, kamar yadda suka sayi Pastel ta Afirka ta Kudu a 2003, da Intacct a 2017 kan dala miliyan 850.

Abin da ke burge ni da kamfanin kuwa a teburinka yake. A ce gobe maigidanka ya ce ku koma wata manhaja. Sunayen masu bashi, lissafin kowane katan na magani, albashin yara, duk na shekara 15, sai an kwashe su ba tare da kobo ya salwanta ba. Za ka yarda da sauƙi? Haka akantoci suke ko'ina, ba sa son ƙaura. A da faifai ake saya sau ɗaya a manta. Yanzu kuɗin wata ko na shekara ake biya, kamar haya. A shekarar kasuwancinsu da ta ƙare a Satumban 2024 sun samu kuɗin shiga sama da fam biliyan 2.3, fiye da kashi 90 cikin ɗari kuma irin wannan kuɗin ne mai maimaituwa.

Amma kada yawan shagunan da ke amfani da ita a nan ya ruɗe ka. Ni da kai mun san yadda ake yi: yaro ya zo da filas a aljihu, ya ɗora maka, ka sallame shi da 'yan dubbai. Sisi bai je Newcastle ba. Babbar kasuwarsu Arewacin Amurka ce, sai Birtaniya da sauran Turai, can kuma suna gwabzawa da QuickBooks ta kamfanin Intuit da Xero ta Niyuzilan, ga Zoho ta Indiya tana karya farashi. Ga kuma ƙirƙirarriyar basira: ko ta ƙara wa kayansu daraja, ko ta sauƙaƙa wa ƙananan kamfanoni yin irinsu. Ci gaban kuɗin shigar Sage a 'yan shekarun nan bai wuce kusan kashi 10 a shekara ba. Tafiyar raƙumi ce, ba sukuwar doki ba, don haka ka raba farashin hannun jari ɗaya da ribar da yake kawowa a shekara, ka ga ribar shekara nawa za ka biya tun yau. Wannan lissafi ai sana'arka ce.

Da fam ake cinikin hannun jarin Sage. Wanda ya riƙe kuɗin waje lokacin da aka saki naira kasuwa ta yanke mata daraja a Yunin 2023 ya ci riba, amma ranar da naira ta farfaɗo, kai za ka ji a jikinka. Yawancin manhajojin waya na saka jari kasuwar Amurka suke kaiwa, sai ka tambayi dillalin ko yana kaiwa Landan, ka kuma duba ko yana da rajista da SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari. Kamfanin yana cin bashi mai ruwa, saboda haka ka kai wa malamin da ya san ma'aunin halaccin hannun jari a Shari'a alƙaluman bashin kafin ka taɓa aljihu.

Da ni ne, ba zan zuba masa fiye da kashi ɗaya cikin goma na ajiyata ba, shi ma kuɗin da ba na kuɗin makarantar yara ba ne, wanda zan iya mantawa da shi shekara biyar.